Zuciyar Ragon Layya

Na daɗe ina gabatar da shirin lafiya a gidan rediyo. Aikina shi ne in zauna da likita, ya yi bayani rabi da Turanci rabi da Hausa, ni kuma in mayar da shi yadda tsohuwa za ta gane tana tsakiyar tankaɗe. Ban yi karatun likita ba. Abin da na sani game da jiki na tsince shi ne a bakin waɗannan mutane, kaɗan kaɗan, ina tambaya ina sake tambaya har jimla ta tsaya da ƙafarta.

Cikin duk abin da na ji game da zuciya, guda ɗaya ya fi tsaya mini. Jinin jiki gaba ɗaya ta cikinta yake bi, dare da rana, amma ba ta shan ko ɗigo daga wanda ke ratsa ɗakunanta. Abincinta yana zuwa ne ta wasu siraran jijiyoyi da suka kwanta a bayanta, ta waje. In waɗannan suka toshe, zuciya tana cike da jini za ta mutu da yunwa. Na faɗi wannan a rediyo sau da yawa, da murya a daidaice, ina duban agogon bango. Ban taɓa zaton zan rasa bakin faɗar sa a gidanmu ba.

Wata shekara da Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina, na tafi garinmu Kademi da motata tun jajibere. Gidanmu yana hannun yayana tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya tsaya a gona ni na tafi makaranta, shi ya yi mini aure, kuma har yau in zan shiga zaurensa sai na tuɓe takalmi na durƙusa. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba kuma yana so a san haka.

Bayan La'asar ya ce in zo in ga gero. Gonar ba ta da nisa, mun sha zuwa da gudu muna yara. Muna tafe sai ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya ce yana duban ko ta yi fure. Muka ci gaba. Can gaba ya sake tsayawa, ya nuna mini gyaɗar maƙwabcinmu, ya yi ta kushe tazarar shukar, abin da ba halinsa ba. Da ya tsaya a karo na gaba ba shi da abin nunawa. Ya dunƙule hannun dama ya ɗora a tsakiyar ƙirji, ya tsura wa ƙasa ido, goshinsa ya tsatso da gumi alhali iskar ruwa ke kaɗawa.

Na san wannan hannun. Wani likita ya taɓa kwatanta mini shi a ɗakin shiri: mai ciwon fata yakan nuna wurin da yatsa ɗaya, mai ciwon zuciya yakan ɗora dunƙulen hannu, domin abin ba suka ba ne, nauyi ne da matsa.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Olsa ce. In na tsaya kaɗan sai ta kwanta."

Ta kuwa kwanta. Muka ƙarasa, ya nuna mini gero ya yi kore shar, ciyawa ta fara cin ƙarfinsa, noman farko bai kai rabi ba. Ya ce da an gama cin nama zai shiga da ƙarfi. Ni dai ina amsawa, amma ban ga geron ba. Olsa ba ruwanta da tafiya. Ciwon da ke zuwa in an motsa, ya tafi in an tsaya, wani abu ne daban.

Da muka koma na sami matarsa tana tsince shinkafar Sallah. Da ita ina iya magana, don akwai wasa tsakanin ƙane da matar wa. Ban yi wasan ba, ita ma ba ta neme shi ba. Ta ce tun bazara abin yake. Yana jiƙa kanwa ya sha, in ya yi gyatsa sai ya ce ya ji sauƙi. Mai kemis ya ba shi farin ruwan nan na olsa, kwalba bayan kwalba. Da hannun hagu ya fara yi masa nauyi har cikin muƙamuƙi, aka ce fartanya ce ta tara masa mataccen jini, wanzami ya zo ya kafa masa ƙaho a kafaɗa. Ta rage murya ta ce ranar da aka yi ruwan shuka ya dawo daga gona rigarsa sharkaf, fuskarsa ta yi fari fat, ya yi amai a bayan rumbu, ya kwanta har yamma. Washegari ya ɗauki fartanya.

Na fita ƙofar gida, na dawo, na sake fita. Na je na buɗe mota na rufe ba tare da na ɗauki komai ba. Abin da nake so ƙarami ne: in sa shi a motar nan in kai shi gaban likita kafin jijiyar ta rufe gaba ɗaya. Amma a gidanmu ƙane ba ya ce wa wa "ka kasa". Kuma faɗa wa manomi cewa zuciyarsa ba ta iya kai shi gona, ciyawa na tsaye, daidai yake da faɗa masa haka.

Duk da haka na gwada. Bayan Magariba muna zaune a tabarma na ce akwai wani likita da na sani, yana da kirki, da za mu leƙa bayan Sallah a duba olsar nan da kyau.

Ya ce, "Ka zo cin nama ne ko ka zo aiki? Ka bar rediyonka a Kano."

Ya faɗa da murmushi, amma maganar ta rufe. Na san in na ƙara kalma ɗaya, gobe ma ba zai yarda in raka shi ko'ina ba.

Da safe ya ƙi shiga mota zuwa Idi. Ya ce tafiyar ƙasa ta fi lada. Na bi shi a baya ina kallon wuyansa, ina rage sauri in ya rage, ina ƙirƙirar gaisuwa da mutanen da ban sani ba don ya sami dalilin tsayawa. Ban fahimci ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Da muka dawo aka kayar da rago. Yaya ya saba danne ragonsa da gwiwa shi kaɗai. Ran nan ya bar maƙwabta suka riƙe, ya yanka, ya miƙe a hankali, ya je ya zauna a inuwar darbejiya da carbi a hannu. Bai ci komai ba tun asuba. Al'adarsa ce, kamar ta mahaifinmu, ba ya karya kumallo ran Layya sai da hantar ragonsa.

Ana cikin fiɗa sai muka ji sallama mai ƙarfi tun daga zaure.

"Ina bayina? Uwargijiyarku ta iso babu mai tarbar ta?"

'Yar kawunmu ce, wadda ke aure a Toranke. Mahaifinta wan mahaifiyarmu ne, don haka taubashiyarmu ce, kuma bisa wasan taubasai ita 'yar namiji ce mu 'ya'yan mace, wato bayinta. Kowace Babbar Sallah sai ta hau babur ta zo, wai karɓar kasonta, amma a gaskiya ita ke tsayawa kan suyar kayan ciki. Mace ce gajera mai faɗin murya. A duk dangi ita kaɗai ke iya kallon Yaya ta kira shi malalaci a gaban jama'a, ya yi dariya.

Ta dube shi a inuwa ta ce, "Au, babban bawa ya zama hakimi? Wasu na fiɗa kana jan carbi?"

Ya ce, "Ke dai kin ji ƙanshin nama kin taso, ko gaisuwa babu. Mijinki bai yanka ba ne?"

"Ya yanka, nasa ya fi naka kitse. Naka na zo ci don kada ya yi maka yawa."

Ina jin su sai abin ya faɗo mini. Na ɗauki ƙwaryar kayan ciki na bi ta wajen murhu, wanda bai wuce tsawon tabarma biyu daga inda Yaya ke zaune ba. Kafin ta hura wuta na gaya mata komai a gurguje, ƙasa ƙasa: tsayawar hanya, dunƙulen hannu, ƙahon kafaɗa, aman bayan rumbu. Dariyar fuskarta ta ɗauke. Ta ce, "Ka gaya masa?" Na ce na gwada. Ta yi tsaki, ta sa hannu cikin ƙwarya ta lalubo zuciyar ragon, da ɗuminta, ta ɗaga ta sama.

"Kai, ɗan rediyo," ta ce da muryar da za a ji har zaure, "kullum kuna cika mana kunne da ciwon zuciya. Ga ta nan. Nuna mini inda take ciwon, in ba ƙarya kuke yi ba."

Na karɓa. Na juya wa Yaya baya, na fuskance ta ita kaɗai. Da ita nake magana, ba wanda zai ce na yi wa wana rashin kunya.

Zuciyar rago da ta mutum ginin su ɗaya ne. Na wanke ta a ruwa, na nuna mata babban bututun da ke samanta, fari, mai kauri, wanda yatsa ke shiga. Na ce ta nan jini ke fita zuwa duk jiki. Na tsaga ta da wuƙa na buɗe: ɗakuna biyu ƙanana a sama, biyu manya a ƙasa. Na sa ta taɓa bangon ɗakin hagu ta ji kaurinsa. Na ce ɓangaren dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa shi ke turawa har tafin ƙafa, shi ya sa ya fi tsoka, shi ya sa kuma ya fi ci.

"To ai cikin jini take iyo," in ji ta. "Me za ta nema kuma?"

Na ce wannan jinin wucewa yake yi, kamar buhunan da ke bayan jaki, ba nasa ba ne. Na tsaga gindin babban bututun, na nuna mata wasu ƙananan ramuka biyu, da ƙyar tsinken tsintsiya ya shiga. Na zura tsinken a ɗaya, ya ɓulla ƙarƙashin kitsen da ya yi wa zuciyar ɗamara. Na kankare kitsen a hankali da bakin wuƙa har jijiyar ta bayyana, siririya, tana gangarawa. Na ce daga ramukan nan biyu duk abincin zuciya ke fitowa. Ta dama ta zagaya ta ciyar da dama da ƙasa. Ta hagu ta rabu biyu, reshe ɗaya ya sauko ta gaba, ɗaya ya zagaya ta baya. Kowane reshe da yankin da yake shayarwa, kamar magudanar lambu da fangalinta.

Ƙarar carbi ta tsaya a bayana. Ban juya ba.

Ta ce, "Sai me ke toshe ta? Ƙasa?"

Na ce wani maiƙo ne ke taruwa a cikin bangon jijiyar, shekara da shekaru, hanya ta yi ta tsukewa. In mutum yana zaune, ɗan abin da ke wucewa ya isa. In ya tashi tafiya ko ya ɗaga fartanya, zuciya ta ƙara sauri, tana neman ƙari, hanya ba ta bayarwa. Sai tsokar ta yi kuka. Kukan ba a jin sa a wuri ɗaya, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga zuciya hanyarsu ɗaya da na hannu da wuya. Wani ya ji nauyi a ƙirji, wani a hannun hagu, wani a muƙamuƙi, wani a saman ciki har ya rantse olsa ce. In ya tsaya ya huta, zuciya ta rage gudu, abin ya lafa.

"To ba shi ke nan ba? Ya riƙa hutawa mana."

Na ce matsalar ita ce maiƙon nan yana iya fashewa, ko mutum yana kwance. In ya fashe, jini ya ɗauka rauni ne, ya daskare a wurin, ya rufe hanyar ruf. Daga nan hutu ba ya magani. Yankin da reshen ke ciyarwa ya fara mutuwa, daga ciki zuwa waje, cikin sa'o'i kaɗan. In an kai mutum da wuri likitoci na iya buɗe hanyar. In an makara, abin da ya mutu ya mutu. Fangalin da ya bushe ana sake shuka shi. Tsokar zuciya ba ta sake tsirowa, tabo take zama.

Na ji muryata ta koma irin ta aiki, a daidaice, kowace kalma a wurinta.

Ta karɓi zuciyar daga hannuna, ta taka har gaban Yaya, ta tsuguna, ta ajiye masa ita a kan faifai da tsinken a jiki.

"Bawana, ka ji abin da ɗan rediyo ya ce. An ce kai ma ka koyi duban furen tsamiya."

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Olsa ce."

"Olsar da ke bin ka gona ta bar ka a tabarma? Mai hankali ce, wallahi. Ni dai ka ji, ban yarda ka mutu ba. Wa zai yanka mini rago? Wannan?" Ta nuna ni da haɓa. "Wannan ko kaza sai ya karanta mata labarai kafin ya yanka."

Maƙwabtan da ke fiɗa suka fashe da dariya. Yaya ma bakinsa ya motsa. Ya daɗe yana kallon tsinken, sannan ya ce, a hankali, ba da wasa ba, "Ciyawa ta ci gero. In na tafi asibiti suka riƙe ni, me za a ci a gidan nan?"

Wannan ce maganar gaskiya ta farko da ya yi tun zuwana, kuma ba ni ya yi wa ba.

Ta ce, "Ina da samari a Toranke suna cinye mini tuwo a banza. Zan kira maka gayya, in zo in tsaya a kansu da kaina. Kai dai ka shiga motar ƙanenka. In ka ƙi, na rantse zan zagaya Kademi gida gida in ce tsoron allura kake yi."

"Za ki iya."

"Ka san zan iya."

Bai ce to ba. Ya ce ta je ta gasa masa hanta, yunwa yake ji. Ta kawo, ya yi bisimilla ya ci. Zuciyar kuwa ya tura faifan gefe, ya ce a ba yara.

Sauran kwanakin Sallah ban zauna wuri ɗaya ba. Na juya motar ta fuskanci hanya. Na cika ta da mai a Gaya na dawo. Duk tarin da ya yi a ɗakinsa sai na miƙe. Ya lura, ya ci gaba da harkarsa. Ranar da ma'aikata suka koma aiki, da sassafe, na ji hayaniya a waje: babura daga Toranke, samari da fartanyu a kafaɗa, taubashiyarmu a gaba tana rabon umarni. Yaya ya fito ya tsaya yana kallon su har suka sha kwana. Ya koma ciki, ya fito da babbar riga da hula, ya buɗe gaban mota ya zauna.

A asibitin Gaya wata likita ta saurare shi, ko in ce ta saurare ni, don shi olsa ya ce mata. Ta auna jininsa ta ga ya hau. Aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana layuka a doguwar takarda. Ta duba, ta tambaye shi ko akwai ranar da ciwon ya zo da ƙarfi ya ƙi tafiya, da gumi da amai. Ya ce ranar ruwan shuka. Ta ce alamu sun nuna a ranar wani reshe ya toshe, wani yanki na ƙasan zuciyar ya riga ya zama tabo. Ta ce ya yi sa'a yankin ba babba ba ne, kuma abin da ya rage shi za a yi wa aiki. Ta tura mu Kano a ranar.

Muka kama hanya har muka wuce Wudil. Ya ce, yana kallon gonakin gefen titi, "Ashe ranar ce." Na ce, "I, Yaya." Ya ce, "Na ɗauka kunun da na sha ne." Daga nan ya koma zancen taki.

A Kano suka tabbatar. Suka ce wani reshen ma ya tsuke, shi ne mai tsayar da shi a hanya. Suka ɗora shi a kan magunguna: na hana jini daskarewa, na rage maiƙo, na sassauta gudun zuciya, da wata ƙaramar ƙwaya da zai sa ƙarƙashin harshe in nauyin ya zo. Suka ce in ya sa bai lafa ba, kada a jiƙa kanwa, kada a jira gari ya waye ko rana ta yi sanyi, a nemo mota. Suka hana shi fartanya, suka ce ya riƙa tafiya a hankali kullum.

Geron ya yi kyau a shekarar, ko da yake har yau yana cewa samarin Toranke sun bar ciyawa a gindin shuka. Yana shan maganinsa, matarsa ce ke ajiye shi a cikin kwanon goro don kada baƙi su gani. In aka tambaye shi a masallaci me ya hana shi noma, olsa yake cewa.

Ni kuma ban sami natsuwar da na zata ba. Na san jijiyar tana nan yadda take, siririya, ƙarƙashin kitse. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida, sai na miƙe tsaye kafin in amsa. Ba na iya tambayar sa kai tsaye ko ya sha magani, don har yanzu shi wa ne ni ƙane. Sai in kira Toranke, taubashiyarmu ta kira Kademi ta zage shi, ta sake kira na ta ce, "Bawana yana nan da ransa, har ya rama. Je ka yi aikinka."